Tambayoyi kan Buɗin Italiya da tarkon gidan f7

Mene ne Buɗin Italiya a wasan ces?

Ces shi ne wasan da wasu ke kira darar Turawa. Buɗin yana farawa da 1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bc4, inda N ke nufin doki, B bishop, K sarki, Q kuma sarauniya. Harafi da lamba irin e4 ko f7 sunan gida ne a kan allo, in sun zo su kaɗai motsin soja ne; x na nufin ci, + kuma hari kan sarki. A kowace lamba Fari ke fara motsi, sai Baƙi. Tun ƙarni na 16 'yan Italiya irin su Polerio suke nazarinsa, har yau kuma da wuya a yi gasar kulob ba a gan shi a kan allo ba.

Me ya sa ake yawan maganar gidan f7?

Domin a farkon wasa sarkin Baƙi kaɗai ke tsare da sojansa da ke wurin. Wannan sojan ne bishop ɗin Fari da ya sauka a c4 yake haƙo.

To ina tarkon yake?

Idan Baƙi ya buga 3...Nf6, sai Fari ya tura doki 4.Ng5, kai hari biyu ke nan kan f7. Amsar da aka saba ita ce 4...d5 5.exd5. A nan ne 'yan kulob da dama ke rufta, domin hannu yana ƙaiƙayin rama ci da 5...Nxd5. Sai Fari ya sadaukar da doki: 6.Nxf7 Kxf7 7.Qf3+. In Baƙi na son riƙe dokinsa na d5, dole sarkinsa ya fito e6, tsakiyar fili, tun ba a kai motsi goma ba. Kwamfuta na iya samo hanyar tsira. Mutum kuwa, ga agogo na tafiya, ga dokar gasa ta cewa abin da ka taɓa shi za ka motsa, kuskure ɗaya ya isa.

Yaya Baƙi zai kauce?

Ya danne zuciya ya buga 5...Na5, ya kori bishop. Bayan 6.Bb5+ c6 7.dxc6 bxc6 ya yi asarar soja ɗaya, amma 'ya'yansa na fitowa da sauri, dokin Fari kuma sai yawo. A ganina wannan ciniki ne mai kyau, in dai mutum ya iya kai hari. Wanda ba ya son rigimar sai ya buga 3...Bc5 tun farko. A nan 4.Ng5 kyauta ce, sarauniya za ta cinye dokin.

Sai an haddace duk wannan?

Motsi bakwai ko takwas sun wadatar, muddin an san dalilin kowanne. Abokin karawarka a kulob zai kauce wa littafi da wuri, kuma daga nan lissafinka ne zai yi aiki.