Shin gadon tafi-da-gidanka na hana jin sanyi a daji?

An daɗe ana cewa wanda ya kwana kan gadon tafi-da-gidanka a daji ya tsira daga sanyi, tunda bayansa bai taɓa ƙasa ba. Maganar tana da tushe, domin ƙasa mai danshi tana zuƙe ɗumin jiki. Amma akwai sauran magana.

Irin wannan gadon yadi ne falle ɗaya da aka ɗame a kan sandunan alminiyam. Ƙananan ba su fi santimita 15 daga ƙasa ba. Iska na ratsawa ta ƙarƙashinsa dare farai, tana kwashe zafin bayanka. Bargo ko jakar barci ba su taimaka sosai ta nan ba, don nauyin jiki ya matse su, alhali iskar da ke maƙale cikinsu ce ke riƙe ɗumi.

A zafin Legas wannan alheri ne: ka sha iska, ka kauce wa laka da cinnaku. A Jos ko tsaunin Mambila da hunturu kuwa, kafin asuba baya ya sandare.

Maganin shi ne shimfiɗa siririyar katifar soso mara shan ruwa a kan gadon. Idan an rubuta lambar R a jikinta, wato ma'aunin yadda take tare sanyi, 2 ta isa sanyi kaɗan, sanyi mai tsanani na buƙatar 4 ko sama.

Gwajin ba wuya. Ka rufe rabin gadon da soso, ka kunna fanka ta ƙarƙashinsa, ka kwanta minti 20. Jikinka zai faɗa maka.

'Yan uwa, a tura wa masu shirin kwanan daji.