Gindin mangwaro ya ƙi ciyawa, me zan shuka a wurin?

Masu gida a unguwannin Aboabo da Asawase da Tafo na Kumasi suna yawan wannan tambayar, tsakar gida akwai mangwaro ko dogon yaro amma ƙarƙashinsa ƙasa tsirara, damina taɓo, hunturu ƙura.

Me ya sa ciyawar ke mutuwa?

Rana take so, inuwar mangwaro kuma mai kauri ce, ga saiwoyinsa suna shanye ruwan sama-sama. Ko sau nawa ka dasa asarar kuɗi ce kawai.

Na ga hosta a Facebook, za ta yi a Kumasi?

Manta da ita. Shukar ado ce mai son inuwa, amma asalinta Japan da Koriya da Sin, kuma dole kowace shekara ta samu makonni na sanyi mai tsanani ta zubar da ganye ta huta kafin ta sake tohowa. Sanyin hunturunmu na Disamba da Janairu bai kai ko kusa ba. Ga dodon koɗi, ganyenta ne abincinsa, irin manyan nan na ƙasar Asante kam ba sai an faɗa ba.

To wace ce za ta yi?

Zebrina. Ka santa ko ba ka san sunan ba, mai ganye da zane biyu ruwan azurfa a sama, in ka juya bayansa shunayya ne. Daga Meziko da Amurka ta Tsakiya ta fito, zafi da laima ba sa damunta, kuma ba shukar shekara ɗaya ba ce. Masu sayar da fulawa a bakin titi suna da ita, amma gaskiya kafin ka ciro sidi ka leƙa gidan maƙwabta, wanda yake da ita neman mai rage masa yake.

Yaya ake dasawa?

Ba iri ake nema ba, kara ake karyowa, kamar tsawon taƙi ɗaya mai gaɓa uku ko huɗu. Tsige ganyen ƙasa, ka kwantar da karan ka rufe gaɓoɓin da ƙasa, daga gaɓar nan saiwa ke fita, cikin sati ɗaya zuwa biyu ta kama. Bar tazarar santimita 30. Kar ka ɗauko diga ka hau saran saiwar bishiya, zuba baƙar ƙasa sama-sama haɗe da kashin kaji wanda ya daɗe ya huce, ɗanye ƙona ta zai yi, kuma kar ka tara ƙasar a jikin kututture. Afrilu ko Mayu ya fi, ruwan sama zai yi maka rabin aikin, in ya wuce ka sai Satumba.

Ban ruwa fa?

Da rani, in ka tura yatsa ka ji ƙasa ta bushe. Banda ruwan wanki mai omo.

Ba za ta tara macizai ba?

In ka bar ta ta yi tudu, komai ma zai iya shiga. Ka riƙa datse ta, dama datsewar ce ke sa ta cika ta yi kyau. Abin da ka datso kar ka watsa bayan katanga ko bakin kwata, duk guntun da ya taɓa ƙasa mai laima tsirowa zai yi.

Yara da kaji?

Karan zebrina ba ƙwari, taku ɗaya ya karye, inda yara ke buga ƙwallo kam ba wurinta ba ne, jera bulo ka fitar da hanya. Ruwan jikinta yana sa wasu ƙaiƙayi, a wanke hannu bayan aiki. Kaji kuma a kewaye wurin da raga watan farko, in ba haka ba kafin azahar sun tone maka komai.