Tambayoyi da amsoshi kan ƙaramin jirgin ruwa mai filafili da ake ja da mota

'Yan'uwa mazauna Jidda sun sha kawo mini waɗannan tambayoyi, don haka na tattara amsoshin wuri guda domin kowa ya huta.

Mene ne bambancinsa da sauran jiragen?

Ana ɗora shi a tirela a kai shi gida. Faɗinsa ba ya wuce kimanin mita biyu da rabi saboda titi, kuma sandar filafilinsa tana kwantawa.

Za a iya ƙetarawa da shi zuwa Port Sudan?

A'a. Tazarar ta kusan kilomita 300 ce, kuma an ƙera jirgin ne domin yawo kusa da gaɓa. Don Allah a daina yi mini wannan tambaya.

Ana kwana a ciki?

Ana kwana. Samfurin Catalina 22, wanda aka fara ƙerawa a Amurka a 1969, tsawonsa kimanin mita shida da rabi ne, yana da wurin kwanciyar mutum huɗu, amma babba ba zai miƙe tsaye sosai a ɗakin ba. A zafin Agusta kuwa, Alhaji, waje za ka gwammace.

Wanne ya fi dacewa da mu, mai farantin ƙarfe ko mai tankin ruwa?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta. Jirgi mai filafili irin wannan yana buƙatar nauyi a ƙasansa, in ba haka ba iska ta kifar da shi. Catalina 22 yana da farantin ƙarfe na kusan kilo 250 wanda ake saukarwa da igiyar waya. Idan an sauke shi jirgin yana buƙatar zurfin mita ɗaya da rabi, idan an ɗaga kuwa bai kai mita ɗaya ba, abin da ke da amfani a inda duwatsun murjani suka taso kusa da saman ruwa. Sai dai Bahar Maliya na cikin tekunan da suka fi gishiri, kuma tsatsa ba ta raga wa waya da ƙusar da farantin ke juyawa a kanta. Samfurin MacGregor 26 kuwa ruwan teku yake zuƙa cikin tankin da ke ƙasansa, fiye da kilo 500, sannan a zubar kafin a hau titi, saboda haka ya fi sauƙin ja. Amma nauyin nasa bai sauka can ƙasa ba, shi ya sa yakan karkata da wuri idan iskar arewa maso yamma ta ƙarfafa bayan azahar. Ga mai ƙaramar mota da ba zai yi nisa da mashigin ruwan Abhur da ke arewacin Jidda ba, mai tankin zai iya wadatarwa, muddin ba a ɗaga filafili tankin bai cika ba. Ni dai na fi karkata ga mai farantin, amma ga wanda zai riƙa duba wayar kawai.

Sai na sayi inji?

Ka saya. Ƙarami na rataye a baya ya isa, kuma ba abin kunya ba ne.

Izini fa?

Ka tuntuɓi jami'an tsaron kan iyaka kafin ka fita, takardun jirgi a hannu, rigar ceto ga kowane mutum, har da wanda ya rantse ya iya iyo.

Me ya fi saurin lalacewa?

Tirelar da kowa ke mantawa da ita. Duk ranar da ƙafafunta suka shiga teku, a wanke su da ruwan famfo, a duba boris a sa masa giris.