Inji da Tsarin Kunna Wuta a Jirgin Sama Haɗin Gida

Jirgin sama haɗin gida shi ne ƙaramin jirgin da mutum ke harhaɗawa da hannunsa, ko dai daga zanen da ya saya, ko daga sassan da kamfani ya ƙera ya aiko masa. Yawanci mai kujera ɗaya ne ko biyu, inji ɗaya ke juya farfelarsa. A Najeriya, rajistarsa da izinin tashinsa suna hannun NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa. Irin wannan jirgi ba baƙo ba ne a Arewa: Air Beetle da kamfanin AIEP ya harhaɗa a Kaduna domin horar da matuƙan sojan sama, an samo shi ne daga jirgin haɗin gida RV-6A na kamfanin Van's da ke Amurka.

Mai zanen jirgi ne ke ƙayyade nauyi da ƙarfin injin da za a ɗora, domin inji mai nauyi yana rinjayar da jirgi gaba. Lycoming O-320 yana ba da ƙarfin doki 150 zuwa 160, O-360 kuma 180. Iska ce ke sanyaya su, farfela tana haɗe da injin kai tsaye, ba ta wuce juyi 2,700 a minti. Rotax 912 na ƙasar Ostiriya ya fi su rashin nauyi: samfurin UL doki 80, ULS doki 100. Yana kai juyi 5,800, sai giya ta rage gudun kafin ya isa farfela, kuma ruwa ke sanyaya kawunan silindarsa, don haka yana da lagireto. Akwai masu gyara injin mota irin na Volkswagen saboda araha, amma wannan hanya aikinta ya fi yadda ake zato yawa.

A Sakkwato, zafi da mai ne ke yanke hukunci kafin a zo maganar ƙarfin doki. Filin jirgin Sultan Abubakar III yana bisa kimanin mita 300 daga matakin teku, amma ranar bazara da zafi ya kai digiri 42, iska takan yi sakayau har jirgi ya yi aiki kamar yana kan tudun da ya haura mita 1,300. Injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke matsa masa ƙarin iska, yakan rasa fiye da kashi 10 cikin ɗari na ƙarfinsa, gudun da jirgi zai yi a ƙasa kafin ya ɗaga ya ƙaru. Man jirgi na 100LL yana da wuyar samu da tsada, shi ya sa injin da ke shan fetur ɗin mota ya fi dacewa. Sai dai a duba oktan, wato ma'aunin juriyar fetur ga fashewa a cikin inji: Rotax UL yana karɓar 90, ULS sai 95. Fetur ɗin mota kuma yana saurin zama tururi a bututun da ya yi zafi, ya tsinke wa kafireta mai. Da hunturu, ƙurar hazo tana cinye silinda in matatar iska ba ta da kyau.

Tsohon tsarin kunna wuta shi ne maganeto, na'urar da ke samar da lantarkinta daga juyin inji ba tare da batir ba, kamar ƙaramin janareta da ake ja da igiya. Ana sa guda biyu, kowace silinda da filogi biyu, domin in ɗaya ya mutu a sama ɗayan ya riƙe injin. Slick da Bendix ne sanannu, ana buɗe su a duba duk bayan awa 500 na aiki. Kafin tashi matuƙi yakan gwada kowanne shi kaɗai, ya ga yadda juyin inji ya ragu. Abin tsoro game da maganeto shi ne yadda ake kashe shi: ana haɗa wayarsa ce da jikin inji. In wayar ta tsinke, yana nan a kunne ko da an zare makulli, kuma taɓa farfela da hannu na iya tayar da inji.

Raunin maganeto shi ne lokacin tartsatsinsa ba ya sauyawa. A yawancin O-320 da O-360, digiri 25 ne kafin fistin ya kai ƙololuwa. Tsarin lantarki na zamani yana sauya wannan lokaci gwargwadon gudu da nauyin aiki, inji ya tashi da sauƙi, ya rage shan mai. Amma da yawansu sun dogara da batir da dinamo, don haka wanda ya sa biyu dole ya tanadi batir na biyu. P-Mag, wani samfurin tsarin lantarki, yana da ƙaramin dinamonsa a ciki, Rotax 912 mai kafireta kuma yana zuwa da tsari biyu da ba sa buƙatar batir. Masu haɗi da yawa sukan raba ƙafa, maganeto ɗaya da na lantarki ɗaya. A wuri mai zafi, gaggauta tartsatsi da yawa yana ƙara zafin kan silinda, kuma in fetur ɗin mai ƙarancin oktan ne, sai ya riƙa fashewa maimakon ƙonewa a hankali, har ya huda fistin.