Waiwaye: daga ina rikicin laburare a kan kulasta ya faro?

Kwana biyun nan musu ya yi zafi tsakanin matasanmu masu koyon aikin manyan bayanai a nan Birnin Kebbi, a kan yadda laburare, wato guntayen manhaja da wasu suka rubuta muke ara, ke karo da juna. Cikin kayan gina manhaja wasu na cewa Maven ya tsufa a koma Gradle, wasu na cewa duk a watsar a cusa komai cikin Docker, mai rufe manhaja da duk kayanta a akwati ɗaya, a huta. Abin da ke damuna shi ne ana maganar kamar jiya matsalar ta faɗo daga sama, alhali ta girmi da yawa daga cikin masu musun.

Farkon labarin kowa ya sani, ba sai na ja ba. Google ya fitar da takardar MapReduce a 2004, Hadoop ya tsaya da ƙafarsa a 2006, Spark kuma aka fara shi a jami'ar Berkeley ta Amurka a 2009. Dabarar duk ɗaya ce, aikin gayya, bayanan da suka fi ƙarfin kwamfuta ɗaya a raba wa kwamfutoci da yawa kowace ta yi kunyarta, wannan taron shi muke kira kulasta.

Inda nake so mu tsaya shi ne 2005, shekarar da Maven 2 ya fito, don ban cika jin ana ambatonta ba. Kafin nan idan manhajarka na buƙatar laburaren wani, da hannunka za ka nemo fayil ɗin jar, wato ƙunshin da laburaren harshen Java ke zuwa a ciki, ka ajiye, idan shi ma yana buƙatar wani sai ka sake nemowa, wahala ce sosai amma ka san duk abin da ke cikin kayanka ɗaya bayan ɗaya. Daga Maven 2 sai ya zama ka rubuta sunan laburare ɗaya kawai, shi zai jawo waɗanda wancan ya dogara da su, da waɗanda su ma suka dogara da su, har ƙasa. Wallahi sauƙi ne babba kuma ba wanda zai so a koma baya. Sai dai gayyar soɗi ce, ka gayyaci mutum ɗaya walima ya zo da abokansa su ma suka zo da nasu, kai mai gida ba ka san fuskar rabinsu ba.

To idan biyu suka zo da laburare iri ɗaya amma siga daban fa? Maven na ɗaukar wanda ya fi kusa da kai a jerin, idan nisansu ɗaya sai wanda aka fara rubutawa. Gradle kuwa sigar da ta fi sabunta yake ɗauka. Kun ga ke nan sauya kayan gini ba ya kashe rigimar, alƙali kawai aka sauya, kuma duk su biyun sukan yanke hukuncin ne shiru ba tare da ka lura ba. A ganina nan ne muka daina ƙirga kayanmu, muka bar wa na'ura.

A kwamfutarka kai kaɗai abin na iya wucewa lafiya. Kulasta kuwa gida ne da ka tarar da masu shi da nasu kayan a ciki, kuma Java idan ya ga abu biyu masu suna ɗaya wanda ya fara cin karo da shi yake ɗauka, galibi na kulastar ne a gaba. Misalin da ya fi shahara laburaren Guava ne, Hadoop 2 ya daɗe a kan siga ta 11 yayin da manhajojin mutane suka yi gaba, sai ka gina da sabuwa a wurin aiki a ba ka tsohuwa. Ga na Scala kuma, harshen da aka rubuta Spark da shi, abin da aka gina da 2.11 ba ya zama da na 2.12, shi ya sa kuke ganin lambar manne a wutsiyar sunan laburare.

Watan jiya wani ƙanena da ke karatu a Aliero ya kira ni bayan isha'i, muryarsa duk ta mutu, ya ce Yaya a laftof ɗina aikin na tafiya lafiya lau amma da na tura kulasta sai ya mutu da NoSuchMethodError, wato ya nemi wani abu a cikin laburare bai samu ba, kuma sau uku ke nan ina lodawa da datar wayata. Ya dunƙule komai ne a ƙaton jar ɗaya har da Spark ɗin kansa, ga nauyi ga cin data. Na ce kafin ka sake taɓa komai buga mvn dependency:tree, ka karanto min jerin laburaren da Maven ya jawo maka. Ya yi shiru yana ta gungurawa, can ya ce Yaya ni fa guda huɗu na rubuta, waɗannan duk daga ina?

Magungunan da suka biyo baya duk na wannan ciwon ne. Aka koyi sanya wa Spark da Hadoop alamar provided don kada a kai wa kulasta abin da take da shi. Aka koyi sake wa laburare suna a cikin jar don kada ya yi karo da na gida, Hadoop 3.0 a Disamba 2017 ya zo da nasa jar ɗin da aka yi wa haka, Spark 3.2 ya koma amfani da su a 2021. Amma laburaren da aka sauya wa suna wuyar ganowa gare shi, an ga haka a Disamba 2021 da ɓarakar tsaro ta laburaren Log4j ta bayyana, mutane suka kwana suna tona jar cikin jar don ba su san ko suna ɗauke da shi ba. Docker ma yana taimakawa ƙwarai wajen sa kowace kwamfuta ta zama iri ɗaya, sai dai idan siga biyu na faɗa tun a wurin gini, da faɗan nasu za ka rufe su cikin akwatin.

Shi ƙanen nawa a daren muka gano Guava ne, wani laburaren da bai ma san da shi ba ya jawo sabuwa. Muka cire Spark daga jar ɗin, muka sake wa Guava suna, wajen ƙarfe ɗaya aikin ya tashi. Yanzu kuma an ce musu za a koma Spark 4 wanda ke neman aƙalla Java 17 da Scala 2.13, na ce ya fitar da jerin nan a takarda ya zo da shi ranar Asabar mu bi shi layi layi.