Ɗaki mai baranda a jirgin ruwan shaƙatawa

Ɗaki mai baranda ɗakin kwanan fasinja ne a jirgin ruwan yawon shaƙatawa wanda ke da ƙofar gilashi mai buɗewa zuwa ɗan fili a waje, na masu ɗakin su kaɗai, galibi yana kallon teku. A matakan ɗakunan jirgi shi ne na uku daga ƙasa. Akwai ɗakin ciki marar taga, sai mai taga wadda ba ta buɗuwa, sai shi, sannan manyan ɗakunan alfarma masu falo. A yawancin manyan jiragen da aka ƙera a shekarun baya-bayan nan, irinsa ne ya fi yawa. Tambayar da ke gaban mai sayen tikiti ita ce ko ƙarin kuɗin da ake ɗora masa ya cancanta, kuma amsarta ta fi rataya a kan hanyar da jirgin zai bi da lokacin tafiyar fiye da kan farashin kansa.

Tarihi

A zamanin jiragen da ke jigilar mutane tsakanin Turai da Amurka, baranda abin 'yan tsiraru ce. Jiragen Italiya biyu, Saturnia da Vulcania, na ƙarshen shekarun 1920, suna da ita a wasu ɗakunan babban aji, haka ma Normandie na Faransa na 1935 a mafi tsadar ɗakunansa. Dalilin ƙarancinta a fili yake: jirgin da ke tsaga Arewacin Tekun Atlantika da gudu a cikin hunturu ba wurin zaman waje ba ne.

Sauyin ya zo ne bayan jirgin sama ya ƙwace harkar jigila, jiragen ruwa suka koma yawon shaƙatawa a yankuna masu ɗumi. Jirgin Royal Princess, wanda aka ƙera a Helsinki, Gimbiya Diana ta raɗa masa suna a 1984, ba shi da ɗakin fasinja marar taga ko ɗaya, kuma kimanin ɗakuna 150 daga cikin 600 suna da baranda. Kamfanoni suka ga yadda mutane ke biyan ƙari ba gardama, sai fasalin jirage ya bi kuɗin: aka sauko da kwale-kwalen ceto zuwa hawa na ƙasa-ƙasa, aka jera benaye masu baranda a samansu. A 2001 aka ƙaddamar da Seven Seas Mariner, wanda kowane ɗakinsa na da baranda. A 2009 kuma Oasis of the Seas ya zo da barandar da ba ta kallon teku ko kaɗan, sai lambu ko filin wasa da ke buɗe a tsakiyar jirgin.

Abin da kuɗin ke saye

A ɗaki na gama-gari, barandar ba ta cika wuce murabba'in mita uku zuwa biyar ba. Kujeru biyu ne da ɗan tebur. In mutum ya miƙe ƙafa, yatsunsa na iya taɓa gilashin shinge. Cikin ɗakin kan ɗan fi na ciki faɗi, sau da yawa da ƙaramar kujerar zama ta mutum biyu, amma gado da banɗaki da wurin rataye kaya kusan iri ɗaya ne. Abinci ma ɗaya ne, wasannin dare ɗaya, wurin ninkaya ɗaya, kuma a yawancin kamfanoni tukuicin ma'aikata da ake cira kullum bai bambanta tsakanin ɗakin ciki da mai baranda ba, sai an kai ɗakunan alfarma yake hawa.

Wato abu uku ne kawai ake biya wa ƙarin: hasken rana, iska, da wurin zama a waje da ba a rububinsa da kowa. Na ukun shi ne mai nauyi. Jirgin da ke ɗauke da fasinja dubu huɗu ko biyar, a ranar da ba ya tsayawa ko'ina, kujerun gefen wurin ninkaya kan ƙare tun hantsi, ga kiɗa, ga sanarwa. Wanda cunkoso ke gajiyarwa, barandarsa ce kaɗai inda zai ji motsin ruwa ba tare da muryar kowa ba.

Ana rubuta farashin tikiti ne a kan mutum ɗaya bisa sharaɗin mutum biyu za su kwana a ɗakin, don haka duk bambancin da aka gani a talla sai an ninka shi biyu. Mai tafiya shi kaɗai yakan biya kusan kuɗin mutum biyun, ga nauyin ƙarin duka a kansa. Bambancin kuma ba tsayayye ba ne. Yana sauyawa da kaka, da yawan ɗakunan da suka rage, da shekarun jirgin. A tsohon jirgi mai barandu kaɗan yakan yi tsada sosai, a sabo kuwa, inda ɗakunan ciki ne suka yi ƙaranci, wani lokaci tazarar takan matse har ta zama ba a bakin komai ba.

Hanya mafi gaskiya ta auna shi ita ce a raba ƙarin da sa'o'in da za a zauna a wurin da gaske. Misali, a ce bambancin dala 400 ne kan mutum ɗaya a tafiyar kwana bakwai, wato dala 800 ga mutum biyu. In suna zama sa'a biyu kullum, sa'a 14 ke nan, kowace ta tashi a kusan dala 57. In rabin sa'a ce kawai kafin kwanciya, kowace sa'a ta haura dala 220. Wannan kuɗin zai iya biyan yawon gari a tashoshi biyu ko uku, kuma da shi ya kamata a gwada barandar.

Hanyar jirgi da yanayi

A nan maganar take. Akwai hanyoyin da abin kallon yana gefen jirgi daga safe har yamma. A Alaska, jirgi kan shafe wuni yana tafiya a hankali cikin mashigin Glacier Bay, inda hukumar gandun dajin da ke kula da wurin ba ta barin manyan jirage fiye da biyu su shiga a rana. Jami'an gandun kan hau jirgin su riƙa bayani ta lasifika. Idan aka isa gaban dutsen ƙanƙara na Margerie, jirgin kan tsaya cik, ya juya a hankali don kowane gefe ya samu rabonsa. A lokacin, mai baranda na zaune da bargo da kofin abu mai zafi, yana jin ƙarar tsagewar ƙanƙara tana iso shi bayan ya riga ya ga guntun ya faɗa ruwa. In sanyi ya cije shi, taku biyu ne zuwa ɗumi. Waɗanda ke saman jirgi kuwa suna tsaye ne layi-layi a bayan juna. Haka abin yake a mashigan ruwan Norwe irin su Geiranger, wanda ke cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 2005. Can ana shiga ne da sassafe, lokacin da mutane da yawa ba su shirya fita daga ɗaki ba, kuma a tsakiyar bazara rana kan daɗe ba ta faɗi ba, sai sa'o'in amfani da baranda su ƙaru. A irin waɗannan hanyoyi, ƙarin kuɗin yana da hujja mai ƙarfi.

Bahar Rum kuwa akasin haka ne. Kusan kullum jirgi na tashar wani gari, fasinja kan fita da ƙarfe takwas su dawo da yamma a gajiye. Mai zuwa Roma ma sai ya yi tafiyar fiye da sa'a guda daga tashar Civitavecchia. Tafiyar jirgin da dare take, ba a ganin komai sai duhu, da rana kuma barandar na iya kallon kwantenoni da injinan ɗaga kaya. Shiga Venis ta gaban dandalin San Marco, wanda a da shi kaɗai kan sa wasu su biya, an hana manyan jirage shi tun 2021.

Ƙetare Atlantika yana da ruɗi. Daga Southampton zuwa New York dare bakwai ne ba tsayawa, sai a ɗauka nan ne baranda ta fi amfani. Amma jirgin da ke gudun kilomita 37 a sa'a yana haifar da iskar kansa, in kuma ya fuskanci wata iskar, biyun haɗuwa suke yi. Shi ya sa aka yanka wasu barandun Queen Mary 2, jirgin da ke bin wannan hanya, a cikin ƙarfen jikin jirgin, da buɗaɗɗen gurbi maimakon shingen gilashi. Ba su kai sauran haske ba, amma su ne ake iya zama a ciki idan teku ta murtuke. Hanyar kudu mai ɗumi da jirage ke bi lokacin sauya kaka tsakanin Turai da Karibiyan ta fi dacewa da zaman waje.

Mashigin Fanama na tsaka-tsaki ne. Ratsa shi kan ci sa'a takwas zuwa goma, cikin zafi da gumi. Daga baranda ana ganin bangon mashigin dab da jirgi, amma buɗewar ƙofofin ruwan, waɗanda ke tare ruwa don a ɗaga jirgi ko a sauke shi, sai daga goshin jirgi ko bayansa ake ganinta sosai. Kowace baranda gefe ɗaya take nunawa, kuma wannan naƙasu ne da talla ba ta faɗa.

Ba duk baranda ce ɗaya ba

Ɗakuna biyu masu farashi kusan ɗaya na iya bambanta ƙwarai. Wanda ke daidai da kwale-kwalen ceto ana sayar da shi da rahusa don an tare masa gani. Wani an tare kallon ƙasa ne kawai, wani kuwa rufin kwale-kwale ne cike da idonsa. Na ƙarƙashin hawan wurin ninkaya yana samun inuwa, amma tun asuba ake jin jan kujeru a kansa. Na bayan jirgi sun fi zurfi, iska ba ta dukansu, ga farin sawun jirgi a kan ruwa, sai dai akan ji girgizar inji, wani lokaci kuma toka daga bututun hayaƙi ta sauka kan kujera. Na goshi sun fi shan iska da tangaɗi. A jiragen da benayensu ke hawa kamar matakala, na sama na leƙen na ƙasa.

Mai saurin jin jiri yana da lissafi biyu masu karo da juna. Kallon inda sama ta haɗu da ruwa da shaƙar iska suna rage tashin zuciya, amma wurin da ya fi kwanciya a jirgi shi ne tsakiya kuma ƙasa, barandu kuwa sun fi yawa a sama. Mafita ita ce baranda ta tsakiyar jirgi a hawa mafi ƙasa da ake da ita.

Akwai kuma masu sunan baranda da ba ita ba ce sosai. Jirgin Celebrity Edge na 2018 ya shigo da fasalin da filin ke cikin ɗakin, rabin gilashin bango na sauka da maɓalli. A jiragen kogunan Turai, inda ƙofofin ruwa masu faɗin mita 12 suka ƙayyade faɗin jirgi, abin da aka fi samu shi ne ƙofar gilashi da shinge a bakinta, ba wurin taka ƙafa. Quantum of the Seas na 2014 kuma ya sa dogon allon talabijin a ɗakunan ciki yana nuna teku kai tsaye daga kyamara.

Dokoki da tsaro

Da daren 23 ga Maris 2006 gobara ta tashi a wata baranda ta jirgin Star Princess a kan hanyarsa ta zuwa Montego Bay a Jamaika. Masu binciken Birtaniya sun fi kyautata zaton guntun sigari ne ya haddasa ta. Wutar ta bi kujerun roba da bangayen roba da ke raba barandu, iskar tafiya na hura ta, ta cinye gomman ɗakuna, fasinja ɗaya ya rasu. Bayan haka Hukumar Sufurin Teku ta Duniya ta gyara yarjejeniyar SOLAS ta kare rayuka a teku, daga Yulin 2008 ya zama dole bangayen su zama na abin da ba ya kama wuta, kayan zaman kuma ko dai masu wuyar ci ko a sa na'urar gano wuta da yayyafin ruwa. Yau yawancin manyan kamfanoni sun hana shan taba a baranda, don haka mai sayenta domin wannan zai yi asara.

Dokar Amurka ta 2010 kan tsaron jiragen shaƙatawa ta ce shinge kada ya gaza inci 42, kusan santimita 107. Tsayin ya isa ga babba, amma yaro da ya ja kujera ya hau ya rage shi da kusan rabi. Ƙofofin kan zo da makulli a sama inda hannun yaro ba ya kai, kuma iyaye da yawa sun fi samun natsuwa da ɗaki mai taga. Wasu kuwa barandar ce ke ba su wurin hira bayan yara sun yi barci.

Barin ƙofar a buɗe yakan kashe na'urar sanyaya ɗaki a jirage da yawa, kuma in aka buɗe ƙofar shiga a lokaci guda, iska kan bugo ɗayarsu da ƙarfin da zai iya raunata yatsa. Gishirin teku na manne wa shinge da kujeru, tufafin da aka shanya kuwa iska na tafiya da su, abin da ma aka hana.

Killace jirgin Diamond Princess a Yokohama ta Japan saboda cutar korona a Fabrairun 2020, da mutum 3,711 a cikinsa, ya sa mutane suka soma kallon baranda da wani ido. Na ɗakunan ciki sai bi-da-bi ake fitar da su shan iska na ɗan lokaci. Irin wannan ba kasafai yake faruwa ba, amma keɓe fasinja a ɗakinsa na kwana ɗaya ko biyu saboda ciwon ciki mai yaɗuwa abu ne da aka saba yi a jirage.

Hanyoyin rage kuɗin

Kamfanoni na sayar da tikitin da ke tabbatar wa mutum ɗaki mai baranda ba tare da ya zaɓi lamba ba. Ya fi sauƙi, amma abin da ya rage ake ba shi, har da mai tararren gani in sharaɗin bai cire shi ba. Wasu kuma kan aiko wa masu ɗakin ciki tayin su taya ɗaki mafi girma makonni kaɗan kafin tashi, wanda tayinsa ya shiga sai a cire kuɗin kai tsaye, kuma galibi ba a fasawa. Iyali mai ɗakuna biyu na iya ɗaukar mai baranda ɗaya da na ciki da ke fuskantarsa a tsallaken hanya. Kafin biya, a buɗe taswirar hawa-hawan jirgin a duba abin da ke sama da ɗakin, da ƙasansa, da gabansa, domin lambar ɗaki ɗaya a jirage biyu na kamfani guda ba lallai ta faɗa wuri ɗaya ba.