Sanin Kai da Sadarwa a Shugabanci

Sanin kai a shugabanci shi ne shugaba ya gane halinsa, da abin da ke tunzura shi, da iyakar iyawarsa, da kuma tasirin da maganarsa da shirunsa suke yi a kan waɗanda ke ƙarƙashinsa. Masana halayyar ɗan'adam da masu nazarin tafiyar da ma'aikatu suna haɗa shi da iya sadarwa, domin babban kaso na abin da shugaba yake bukatar sani game da kansa yana bakin wasu mutane ne, kuma ba za su faɗa ba sai sun ga cewa faɗar ba za ta ja musu wahala ba. Saboda haka ake mayar da hankali a kan ƙananan ɗabi'un yau da kullum, kamar yadda shugaba yake sauraro da yadda yake karɓar mummunan labari, fiye da bitar horaswa ta lokaci guda.

Asalin tunanin

Bibiyar kai a ƙarshen yini tsohuwar al'ada ce. Masanin falsafa na Rum, Seneca, ya rubuta cewa kowane dare yakan bi abin da ya faɗa da abin da ya aikata a yinin, ba tare da ya ɓoye wa kansa komai ba. Marcus Aurelius, wanda ya mulki daular Rum daga 161 zuwa 180, ya bar rubuce-rubucen da yake yi wa kansa nasiha a cikinsu. A Musulunci ana kiran wannan muhasaba, kuma daga ita aka samo laƙabin Harisu al-Muhasibi, malamin da ya rasu a Bagadaza a 857. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware wa muraƙaba, wato lura da kai a kowane lokaci, da muhasaba babi guda a cikin littafinsa Ihya'u Ulumiddin.

A zamanin nan, masana biyu na Amurka, Joseph Luft da Harrington Ingham, sun fito da zanen da ake kira Tagar Johari a 1955. Zanen ya raba sanin mutum gida huɗu: abin da shi da mutane duk suka sani, da abin da ya sani ya ɓoye, da abin da mutane suke gani a tare da shi amma shi bai gani ba, da abin da babu wanda ya sani tukuna. Gida na uku ne ya fi shafar shugabanni, wanda Hausawa suka taƙaita da cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Daga baya Daniel Goleman, a wata maƙala da ya buga a mujallar Harvard Business Review a 1998, ya sanya sanin kai a farkon siffofi biyar da yake ganin su ne suke bambanta shugaba nagari da wanda ya ƙware a aiki kawai.

Abin da muƙami yake ɓoye wa mai shi

Tunani a kaɗaice bai isa ba. A 1977 Richard Nisbett da Timothy Wilson sun nuna cewa sau da yawa mutane ba su san ainihin dalilin da ya sa suka yi abu ba, sai su ƙirƙiro bayanin da ya yi musu daidai kuma su gaskata shi da zuciya ɗaya. Matsalar tana ƙaruwa da girman muƙami, domin duk matakin da mutum ya hau, masu iya gyara masa suna raguwa, kuma labari yana isa gare shi ne bayan an tace shi an cire ɗacinsa.

Harkar sufurin jiragen sama ce ta fi nuna tsadar wannan shiru. Ranar 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya, jirgin kamfanin KLM ya fara gudun tashi cikin hazo mai kauri alhali jirgin kamfanin Pan Am yana kan titin. Injiniyan jirgin KLM ya tambaya ko wancan jirgin bai riga ya kauce ba, matuƙin kuwa, wanda yake cikin manyan masu horar da matuƙan kamfanin, ya amsa da tabbaci cewa ya kauce, kuma ba a sake tayar da maganar ba. Mutum 583 ne suka rasu. Wannan haɗari da wasu irinsa suka sa aka soma koyar da ma'aikatan jirgi yadda na ƙasa zai faɗi damuwarsa a fili da yadda na sama zai tsaya ya ji, kuma kamfanin United Airlines ya fara cikakken shirin irin wannan horo a 1981.

Ɗabi'un yau da kullum

Ta farko kuma mafi wuya ita ce barin mutum ya ƙarasa maganarsa. Carl Rogers da Richard Farson sun bayyana sauraro na haƙiƙa a 1957 da cewa mai ji ya maimaita abin da ya fahimta da kalmominsa, har sai mai magana ya yarda cewa abin da yake nufi ke nan. Abin yana da sauƙin faɗi, amma wani bincike da Howard Beckman da Richard Frankel suka yi a 1984 ya gano cewa likitoci suna katse marasa lafiya bayan kimanin daƙiƙa 18 da fara bayani. Shugaban da ma'aikaciya ta shigo ofishinsa da matsala, ya ajiye wayarsa, ya jira ta gama, sannan ya ce, "Idan na fahimce ki, jinkirin daga sashen sayayya yake, ba daga wajenku ba," ya ba ta damar gyara masa fahimta kafin ya yanke hukunci a kan kuskure. Haka nan a wajen taro, yawancin masu horar da shugabanni suna ba da shawarar shugaba ya ajiye ra'ayinsa sai ƙarshe, domin da zarar ya faɗi nasa, saura sukan bi bayansa.

Ta biyu ita ce yadda ake karɓar labarin kuskure. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard, a binciken da ta yi a asibitoci a shekarun 1990, ta tarar da cewa rukunonin ma'aikatan jinya masu shugabanci mai kyau sun fi yawan kurakurai a rubuce, kuma bayanin da ta kai gare shi shi ne sun fi sakin jiki su kai rahoto. A 1999 ta buga nazarinta a kan wannan yanayi na faɗin gaskiya ba tare da tsoro ba. Yanayin yana ginuwa ko yana rushewa ne a daƙiƙun farko bayan an kawo mummunan labari, lokacin da kowa yake kallon fuskar shugaba. Ko ƙaramin abu yana taimakawa: jerin matakan tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 ya bukaci duk wanda ke ɗakin ya faɗi sunansa da aikinsa kafin a fara, kuma wanda ya riga ya buɗe baki sau ɗaya ya fi samun ƙarfin halin sake buɗewa idan ya ga ana shirin yin ɓarna.

Neman gyara daga na ƙasa ma yana da ƙa'ida. Tambayar "Yaya kuke ganin shugabancina?" ba ta cika haifar da komai ba sai yabo, alhali tambayar abu guda da ya kamata a canza a taron mako mai zuwa tana iya samun amsa ta gaskiya. Avraham Kluger da Angelo DeNisi, da suka tattara bincike masu yawa a 1996, sun gano cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na gyare-gyaren da ake yi wa mutane suna rage ingancin aikinsu ne, musamman idan gyaran ya koma kan mutumin ya bar aikin.

Sai bitar ƙarshen yini, wadda mintuna kaɗan suka ishe ta. Rundunar sojan Amurka tana amfani da tambayoyi huɗu bayan kowane atisaye: me aka yi niyya, me ya faru, me ya kawo bambancin, me za a yi a gaba. Shugaba yana iya yi wa kansa su a rubuce game da tattaunawa guda da ta yi masa nauyi a ranar.

Yadda ɗabi'a take kafuwa

Maganar da ta yaɗu cewa kwana 21 ne ake bukata kafin ɗabi'a ta kafu ba ta da tushe mai ƙarfi. Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan sun bibiyi mutum 96 a wani bincike da aka fitar a 2009, suka ga tsaka-tsakin lokacin da sabon abu yake zama jiki shi ne kwana 66, amma ya bambanta daga kwana 18 zuwa 254, kuma tsallake rana ɗaya bai ɓata tafiyar ba. Peter Gollwitzer kuma ya nuna cewa niyyar da aka ɗaura wa wani lokaci takamaimai ta fi cika, misali mutum ya ƙudura cewa duk lokacin da aka kawo masa koke zai yi tambaya ɗaya kafin ya ba da amsa.

Iyakoki

Waɗannan ɗabi'u ba sa gyara ma'aikatar da tsarinta yake hukunta mai faɗin gaskiya, kuma idan shugaba ya nemi ra'ayi sau da yawa ba tare da an ga ya canza komai ba, mutane sukan daina faɗa, shirun na biyu kuwa ya fi na farko wuyar warwarewa. Al'adu ma sun bambanta. Geert Hofstede ya nuna a 1980 cewa tazarar da ke tsakanin babba da ƙarami ta fi faɗi a wasu ƙasashe, inda gyara wa shugaba a bainar jama'a yake zama rashin ladabi. A irin waɗannan wurare shugaba yakan fi samun gaskiya ta ganawa da mutum shi kaɗai, ko ta bakin amintaccen da ma'aikata suka yarda da shi, ko ta rubutaccen ra'ayi marar suna.